Wanda Zai Riƙe Igiya: Yadda Nake Ɗaukar Yaran Ƙasa a Aikin Bishiya

Sana'ata gyaran bishiya ce a cikin garin Kaduna. Muna rage rassan da suka hau rufi, muna cire kauci da busassun rassa, muna kuma sauke bishiyar da ta tsufa ko gara ta cinye mata ciki. Yawancin kiran da nake samu daga tsofaffin unguwanni yake zuwa, irin su Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki, inda ake da manyan madaci da mangwaro da malaina da turare waɗanda aka dasa tun filayen gidaje suna da faɗi. Yanzu an yayyanka filayen an cika su da gini, ga katanga, ga tankin ruwa, ga wayar wuta ta ratsa ta tsakiya. Da wuya ka samu sararin da za ka kayar da bishiya sukutum. Dole mutum ya hau da inji ya riƙa yankowa gunduwa-gunduwa, ana saukewa da igiya.

Duk wanda ya zo kallo, mai hawa yake yabo, kuma ya cancanta. Amma ni da nake ɗaukar ma'aikata, hankalina ya fi tashi a kan wanda zan tsayar a ƙasa. Mai hawa yana ɗaure a sama, ƙarar inji ta toshe masa kunne, ganye ya tare masa ido, bai san me ke faruwa a gindin bishiya ba. Na ƙasa ne ke gane masa, kuma igiyar da ke ɗauke da abin da ya yanka tana hannun na ƙasa.

Mutane ba su san nauyin ɗanyen ice ba. Gungumen madaci mai tsawon mita ɗaya da faɗin rabin mita yana kusantar kilo 200, wato nauyin buhun siminti huɗu. Ba wani ƙato da zai riƙe wannan da dantsensa. Abin da ake yi, igiyar tana bi ta wani reshe mai ƙwari a sama ta sauko, sai a zagaya ta a jikin gindin bishiyar sau biyu ko uku gwargwadon nauyin da ake tsammani, gogayyar igiya da ice ita ke riƙe kayan. Gwanintar tana wajen sakin. Idan gungumen ya rabu da uwar, mai igiya ya kafe ƙafa ya danne gam, to kayan za su tsaya farat ɗaya, girgizar ta koma kan bishiyar, ta fyaɗa mai hawa da ice alhali inji yana hannunsa, wani lokacin ma igiyar ta tsinke ko reshen da ta rataya ya karye. Idan kuma ya saki da yawa, kayan sun tafi kan kwano ko motar maigida. Sai ya bari igiyar ta ɗan gudu har gungumen ya wuce ƙafar mai hawa, sannan ya riƙa rage mata gudu a hankali har ya dire shi. Wannan aikin nutsuwa yake so, kuma na sha ganin siririn yaro ya fi majiyi ƙarfi iya shi nesa ba kusa ba.

Saboda haka ba na ɗaukar kowa da baki. Duk wanda ya zo neman aiki zai ce maka ya saba da aikin ƙarfi, ya yi kwabar siminti, ya yi dako. Gani ya kori ji. Ina cewa ya zo gobe da sassafe, a biya shi kuɗin yininsa cikakke kamar kowa, in ba shi hular kwano da safar hannu da takalmi mai rufi, in sa shi jan rassa zuwa bakin ƙofa. Ba zai taɓa igiya ba, inji kuwa ko kusa. Ni kuma sai in koma gefe ina kallo.

Abin da na fi lura da shi, ina idonsa yake zuwa kafin ƙafarsa ta motsa. Akwai yaron da ko reshe ɗaya zai ɗauko sai ya ɗaga kai ya dubi sama tukun, ba tare da kowa ya gaya masa ba. Akwai kuma wanda idonsa na ƙasa kullum, da ya ga reshe ya faɗo sai ya ruga ya ɗauke don a ga himmarsa, bai san na biyun yana tafe ba. Yaron nan na biyu yakan fi ba ni tausayi, domin ba malalaci ba ne, son burgewa ne ke jan sa. Ana iya gyara shi idan yana jin magana. Idan an gaya masa da safe, da azahar ya sake, to ba zan kira shi gobe ba. Ina kuma duba yadda yake tara rassan: ya jera su gindi duk gefe ɗaya don a ji daɗin lodi, ko ya watsar da su a kan hanyar da za mu bi mu kauce idan wani abu ya taso? Ina duba ko yana tsallaka igiya ko taka ta, ko zai bar jarkar fetur a rana kusa da inda ake tayar da inji, ko hular kwanon za ta kai la'asar a kansa. Waya kuwa, a mota kowa yake barin tasa, ban da ni da babban na ƙasa.

Sai babban abin, wanda ba a koyar da shi cikin sauƙi a ƙasarmu. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya ɗaga murya a gaban babba, kada ya tare masa hanya, kada ya ce masa a'a. Tarbiyya ce mai kyau, ni ma ita nake ba 'ya'yana. Amma a gindin bishiyar da ake yanka, kunyar nan tana iya kashe mutum. Wurin aikinmu ba ya rabuwa da jama'a. Yara suna zuwa tsintar ƙirare, mata suna aiko a samo musu ganyen darbejiya, mai dabbobi yana son ganyen madaci, wani dattijo yana son ɓawonsa don magani, mai gidan burodi ya zo cinikin itacen tun bai sauko ba. Ko ka ja igiya ka kewaye wurin, za a ɗaga ta a shigo. Korar yara ba wuya. Wuyar ita ce tsayar da maigidan da zai biya mu, ko Hajiya da ta fito da mayafinta za ta shiga mota.

Wani ɗan ci-rani daga wajen Maraɗi ya taɓa zuwa mana aikin gwaji a wani gida a Malali. Ba shi da yawan magana, har na ɗauka ba zai iya ba. An ɗaure wani babban reshen mangwaro, mai hawa ya tayar da inji, sai ga maigidan ya dawo daga masallaci, ya ɗaga igiyar shinge zai yanke ta ƙarƙashin bishiyar zuwa ƙofar falonsa. Yaron nan ya yar da reshen da ke hannunsa, ya sha gabansa, ya buɗe hannu biyu.

"Baba, ka yi haƙuri, tsaya nan."

"Kai, gidana ne fa!"

"Na sani, ranka ya daɗe. Sai reshen ya sauka."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma matsa ba. Reshen ya sauko lafiya a inda aka nufa, Alhaji ya wuce yana faɗa, ni na bi shi na ba shi haƙuri. Ranar na ce wa yaron ya riƙa zuwa kullum, kuma yau shi ke riƙe mana igiya a manyan ayyuka.

Ba kullum ake samun maigidan da zai yi maka wannan gwajin ba, don haka nakan yi da kaina. Sai in yi wa mai hawa ishara ya dakata da yanka, in kara waya a kunne, in nufi ƙarƙashin bishiyar kamar na shagala. Wani yaron zai bi ni da ido kawai, a ransa yana cewa ai Oga ya san abin da yake yi. Wani zai ce, "Oga, dawo!" tun ban yi taku uku ba. Wanda ya yi shiru ba na korarsa nan take. Ina zaunar da shi in gaya masa a fili cewa a wurin nan an ba shi izinin tsayar da kowa, har ni, kuma ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Wasu da zarar sun ji izinin daga bakina sai su warware. Wasu kuma abin ya riga ya zauna musu a jiki, irinsu nakan nema musu aikin lodi ko faskare, inda babu abin da ke rataye a kan kowa.

Muna da kira da amsa da ba a tsallakewa. Mai hawa ba ya yanka sai ya ce "Ƙasa lafiya?" na ƙasa ya duba kowane ɓangare ya ce "Lafiya, yanka!" A Amurka ƙa'idar masu wannan sana'a da ake kira Z133 ta wajabta irin wannan kira da amsa, a bidiyoyinsu na fara gani, na ga ya dace da mu. Da yake ƙarar inji tana cinye murya, babban na ƙasa yana rataye da usur, busa ɗaya mai tsawo kowa ya tsaya. Yaron da zai amsa "lafiya" bai juya ya duba bayansa ba ya fi wanda bai amsa ba haɗari.

Wayar wuta ma ina tambayar sabon yaro a kanta tun ranar farko, in ji abin da ya sani. Da yawa sun ɗauka ice ba ya ɗaukar wuta. Ɗanyen reshe yana ɗauka, jiƙaƙƙiyar igiya ma haka, kuma idan reshen da aka ɗaure ya taɓa babban layin wuta na 11kV ko 33kV, wanda ke riƙe da igiya a ƙasa yana cikin waɗanda wutar za ta fara samu. Ba ma kusantar waɗannan layukan da mutum ko tsani ko reshe ƙasa da mita 3, idan aikin ya fi haka kusa sai an je ofishin wuta an kashe layin. Cewa "ai an ɗauke wuta tun safe" ba hujja ba ce, ana iya maido ta kowane lokaci. Idan kuma za a kayar da bishiya gaba ɗaya, duk wanda ba mai inji ba sai ya ja baya ninki biyu na tsawonta. Kafin a hau kuwa, na ƙasa ne zai zagaya ya duba kogo, ko akwai zuma ko rina, domin mutumin da ke ɗaure a sama ba shi da wurin gudu.

Abu ɗaya ne ba na yin sulhu a kansa, shi ne ƙwaya. Taramol ta shiga cikin masu aikin ƙarfi sosai, suna sha don kada su ji gajiya. Mai shan ta yakan burge ka da safe, yana aikin mutum biyu. Amma hankalinsa ba ya tare da shi, kuma idan ta yi yawa tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka yi tunanin hakan ta same shi igiya na hannunsa. Ba na wulaƙanta su, yawancinsu wahala ce ta kai su, ina yi musu nasiha iyakar iyawata, amma ba za su tsaya a ƙarƙashin mai hawana ba.

Sauran sharuɗɗan ba su da yawa. Ba na ɗaukar wanda bai kai shekara 18 ba. Ina son wanda zai tsaya masa, ko uba ko yaya ko mai unguwa, domin cikin gidajen mutane muke shiga, wani lokacin har sashen mata. 'Yan ci-rani suna da juriya kuma sun san ice da gatari tun daga gida, sai dai akwai matsala guda: aikinmu ya fi yawa daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da iskar farkon damina ke kayar da bishiyoyi a kan katangu, daidai lokacin da su kuma gona ke kiran su. Don haka tun ranar farko nake tambayar mutum yaushe zai tafi, kuma ina tabbatar da cewa cikin masu igiya akwai mazaunin gari.

Biyan kuɗi ma yana gyara ma'aikaci ko ya ɓata shi. Ni da maigida jinga muke yi, amma yarana kuɗin yini nake ba su. Idan ka ba na ƙasa jinga, ka saya masa gaggawa, zai riƙa shiga ƙarƙashin bishiya yana kwashe rassa ana tsakiyar yanka don a gama da wuri. Mai igiya yana samun fiye da mai jan rassa, kowa ya sani, don sabon yaro ya ga akwai inda zai kai. Rauni kuma a wuyana yake. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ba da aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, wato hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, kuma ina ganin masu ƙananan sana'o'i masu haɗari irin tamu ya kamata mu fi kowa kula da ita.

Wanda ya zauna, a hankali yake hawa mataki. Daga jan rassa sai ya koyi naɗe igiya da duba inda ta goge ko ta narke, sai ƙulli, sai haɗa mai: mililita 100 na man 2T a lita 5 ta fetur, domin zallan fetur yana sa inji ya buga. Sai wasa sarƙar inji da magagari, sannan ya fara sauke ƙananan rassa ana tsaye a bayansa. Ina kuma son a kowane aiki a samu aƙalla mutum ɗaya a ƙasa da ya iya hawa, saboda idan na sama ya yanke ko zuma ta rufe shi, wani ne zai hau ya sauko da shi, ba za a jira a nemo mai tsani daga wata unguwa ba.

Hukuncin ƙarshe a kan mai igiya ba ni kaɗai nake yanke shi ba. Bayan an tashi aiki nakan ja mai hawa gefe in tambaye shi ko ya yarda yaron nan ya riƙe masa gobe. Daga sama yana jin kowace girgiza a jikinsa, yana kuma ganin wanda ke kallonsa da wanda ke kallon titi. Idan ya ce a ƙara masa lokaci, yaron ya ci gaba da jan rassa ke nan, ko da ɗan ƙanwata ne.