Fitilun dandali: ku fara da lissafin wuta

Ɗaliban wasan kwaikwayo na Damagaram, don Allah kafin ku rataya fitila ko ɗaya, ku san abin da layinku zai ɗauka. Wutarmu bolt 220 ce. Fitilar PAR 64, wato wata babbar fitilar dandali, mai wat 1000 tana jan kusan amfiya 4,5, layi mai amfiya 16 kuwa uku zai ɗauka lafiya. Kun ƙara ta huɗu, wuta ta katse ana tsakiyar wasa.

Hasken gaba a ɗaga shi kamar digiri 45, daga dama da hagu. In ya sauko daga tsakar ka, idon ɗan wasa ya zama rami, 'yan kallo ba su ga fushi ko murmushi ba. Wannan ya fi damuna, domin fuska ake zuwa kallo.

Fitilar LED ba a jona ta a na'urar rage haske ta tsofaffin fitilu, lalacewa take. A ba ta wuta kai tsaye, umarni ya bi ta wayar DMX, wadda ke haɗa fitilu a jere da na'urar sarrafa haske, kowace fitila da lambarta cikin 512. Mafitar DMX ta fitilar ƙarshe a toshe ta da rezistans (ɗan abin da ke rage gudun wuta) na om 120, in ba haka ba sai ƙyaftawa.

Ƙwan halojen kada yatsa ya taɓa shi, maiƙon hannu na fasa shi. Lokacin hunturu kuma a riƙa kakkaɓe ƙurar fankar da ke sanyaya fitilun.