Hannu ko kwamfuta: wa ke sa giya a tseren Stock?

A tseren rubu'in mil da ake yi a Amurka, wato ƙafa 1,320 a miƙe, rukunin Stock na motocin da kamfanoni suka ƙera don kasuwa ne. Hukumar shirya wannan tsere, NHRA, wadda Wally Parks ya kafa a 1951, tana rarraba su aji-aji ta hanyar raba nauyin mota da ƙarfin dokin da aka ƙiyasta wa injinta, masu kuloci daban, masu otomatik daban. Ni a ɓangaren otomatik nake, da tsohuwar Chevrolet mai kafireta da giyabos Turbo 350, amma da hannu nake sa giyata. Gardamar da muke yi ita ce ko ya dace a bar kwamfuta ta riƙa sa wa motoci masu injekta giya.

A nan gudu kaɗai ba ya ba ka nasara. Kafin ka shiga layi za ka rubuta da farin fenti a gilashinka daƙiƙun da kake zaton motarka za ta yi, alal misali 11.42. Wannan shi ne alkawarinka. Bishiyar fitilu, wato sandar fitilun da ke ba da izinin tashi, za ta saki marar gudu tukuna, da tazarar da ke tsakanin alkawuran biyu. Ka riga koren fitila, ja ta kama ka, ka faɗi. Ka yi gudun da ya zarce alkawari, ka faɗi ko da kai ka fara isa, sai fa in abokin karawarka ya fi ka zarcewa. Saboda haka abin da muke nema shi ne mota mai maimaita kanta, yau da gobe, safe da yamma.

To, ga inda hannu ke shigowa. Giya ta ɗaya a Turbo 350 gajera ce, 2.52, kuma tana ƙarewa kafin ka gama natsuwa. Ka saki birki, ka danne totur, gaban mota ya ɗaga har ba ka ganin kwalta sai sama, fitilar da ke kan sitiyari mai nuna lokacin sa giya ta ƙyafta, hannun dama ya tura sanda. Tsakanin ido ya gani da hannu ya motsa, inji ya ƙara juyi ɗari biyu ko uku. Direba yana koyon rigan fitilar da ɗan kaɗan, amma kaɗan ɗin nan na ranar da ka yi barci mai kyau daban yake da na ranar da ka yini cikin rana sanye da hular kwano. Takardar lokaci, wadda ake ba ka bayan kowane gudu, ba ta rufa wa kowa asiri: a ƙafa 60 lambobina sukan zo daidai, sai a ƙafa 330 su fara warwatsewa da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na daƙiƙa. A wasan da ake cinye mutum da kashi kaɗan cikin dubu, wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Wani aboki da aikin tiyata ya hana shi tuƙi ya ba ni aron Camaro ɗinsa ta 1998, mai injekta. Da kwamfutar cinya ya shigar da juyin injin da yake so giya ta canza a kai, shi ke nan. Na sa sanda wuri ɗaya, hannuwana biyu a kan sitiyari har ƙarshen layi. Motar ba ta ƙara gudu saboda wannan ba, kuma duk wanda ya ce maka kwamfuta na ƙara doki, bai gwada ba. Abin da na gani shi ne takardun lokaci sun jeru kamar an buga su da hatimi ɗaya. Da iska ta yi sanyi na san nawa zan rage a alkawari, domin babu sauran abin da ke canzawa sai iskar. Hankalina kuma ya koma kacokan kan fitila da kan motar da ke ɗaya layin.

Tana da nata aibin. Ranar da taya ta yi sulɓi a wurin tashi, inji ya yi sama, kwamfuta ta ga lambarta ta cika ta sa giya ta biyu tun mota ba ta je ko'ina ba. Mutum da ya ji sulɓin a ƙugunsa zai jira.

Masu injekta suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Tun farkon shekarun 1990, da giyabos irin 4L60E ya fito, kwamfuta ce ke sa giya a motar da ka saya sabuwa. In ana maganar mota yadda kamfani ya ƙera ta, ta yaya za a ce a cire mata abin da aka haife ta da shi? Suna kuma cewa tsohuwar otomatik ma tana iya canza giya da kanta. Gaskiya ne, da ƴan ƙarafa masu juyawa da sifirin da matsin mai take yi. Na gwada wannan hanyar a motata. Sai dai man giyabos in ya yi zafi halinsa ya canza, inda take canza giya ya gusa, kuma gyaransa sai ka kwanta ƙarƙashin mota kana musanya sifirin, yayin da makwabcinka ke danna maɓalli biyu yana shan ruwan sanyi. Ban da haka, yawancin kwamfutocin nan an daɗe da sake musu lissafi don tsere, don haka kiran sunan kamfani ya yi rauni.

Abin da ya fi damuna shi ne awon da ake daidaita mu da shi bai ganin wannan bambancin. In wani inji ya fi ƙarfin ajinsa, ana ƙara masa dokin da aka ƙiyasta, ya ɗauki ƙarin nauyi. Maimaita kai kuwa ba doki ba ne, babu sikelin da zai auna shi. Kuma Stock rukuni ne da aka hana na'urar jinkirta tashi da birkin giyabos, don direba ya yi aikin da ƙafarsa. Mai son irin waɗannan na'urori yana da rukunin Super Gas na daƙiƙa 9.90 da Super Comp na daƙiƙa 8.90. In an bar ƙafa ta yi aiki a kowace mota amma aka hutar da hannu a wasu kawai, ba a raba daidai ba.

Duk da haka ban goyi bayan hani ba. Mustang ta 2018 mai otomatik giya goma gare ta. Ba mai hankalin da zai ce a sa su da hannu cikin daƙiƙa goma sha ɗaya. Ra'ayina a buɗe wa kowace otomatik, tsohuwa da sabuwa, amma da sharaɗin cewa juyin inji kaɗai na'urar za ta karanta. Da zarar ta fara ƙidaya daƙiƙa ko auna gudun taya, ta zama abin saita lokacin mota, ta daina zama mai sa giya. Wannan ne ya kamata masu bincike su sa wa ido, kuma shi ne mai wuya: suna iya kwance inji su auna bakin kafireta, su ɗebi mai, su hau da mota sikeli, amma lissafin da ke cikin akwati ba ya aunuwa da awon ƙarfe. Ƙaramar na'ura iri ɗaya mai hatimi, wadda kowa zai iya saya, za ta rage musu aiki.

Masu kuloci, da ke taka feda su ja sanda sau uku a layi ɗaya, in suka ji muna wannan gardama dariya kawai suke yi mana.