Faifai biyar, labari ɗaya: abin da na ji da na jera faifan Les Misérables

Wanda ya saurari Bakandamiyar Shata a kaset daban-daban ya san cewa waƙa ɗaya tana iya fitowa da fuskoki da yawa: a nan ya ƙara baiti, a can ya rage, wani wurin kuma kiɗan ya fi sauri. Irin wannan sha'awa ce ta sa na tattara faifan Les Misérables, wasan dandamali da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, na zauna ina kwatanta su. Claude-Michel Schönberg ne ya tsara kiɗan, Alain Boublil da Jean-Marc Natel suka rubuta baitocin Faransanci, daga littafin Victor Hugo na 1862. Labarin Jean Valjean ne, wanda ya sha ɗaurin shekara 19 da ya samo asali daga satar burodi, da ɗan sanda Javert da ya rantse sai ya mayar da shi kurkuku.

Ban riƙa sauraron faifai ɗaya daga farko zuwa ƙarshe sannan in ɗauki wani ba, domin kafin ka kai ƙarshen na biyu ka manta yadda na farko ya yi. Waƙa guda nake ɗauka in ji ta a kowane faifai a jere, da iyafis a kunne, bayan sallar isha'i sa'ad da gida ya yi tsit. Nan da nan abu ya bayyana: ashe ba wasa ɗaya ba ne mutane daban-daban suka rera. Shi kansa wasan yana ta sauyawa.

Faifan Faransanci na 1980, wanda ya riga fitowar wasan a dandamalin Paris, kai tsaye yake farawa da ma'aikatan masana'anta. Babu fitar Valjean daga kurkuku, babu limamin cocin da ya yafe masa satar kayan azurfa. Duk wannan sai a 1985 aka ƙara, lokacin da furodusa Cameron Mackintosh ya kai wasan Landan, Herbert Kretzmer kuma ya rubuta baitocin Turanci. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne karin waƙar "On My Own", wadda kowa ya sani a bakin Éponine, wata budurwa a labarin, tana kukan son wanda bai san tana yi ba. A faifan 1980 Fantine, wata matalauciyar ma'aikaciyar masana'anta, ce ke rera wannan kari, kuma kan talauci take magana. Ka ji shi a can, ka dawo ka ji shi a nan, sai ka ga yadda aka ɗauke kukan yunwa aka mayar da shi kukan soyayya.

Tsakanin faifan Landan na 1985 da na New York na 1987 ma an yi aski. An cire wata waƙar Cosette, 'yar Fantine, an gajarta ta Gavroche, wani yaro ɗan titi. Na Landan yana tafiya a hankali, kuma ƙarar kiɗan lantarki na wancan zamani tana fitowa fili, wani lokaci har ta ɗan dame ni. Na New York ya fi sauri da tsafta. Colm Wilkinson ne Valjean a duka biyun, Frances Ruffelle kuma Éponine, don haka a nan ne za ka fi jin abin da shekara biyu a kan dandamali ke yi wa mawaƙi.

Amma inda na fi daɗewa shi ne kan Javert, musamman waƙarsa ta "Stars", inda yake kallon taurari da dare yana ganin tsarinsu kamar tsarin doka. Roger Allam na Landan ɗan wasan kwaikwayo ne kafin komai. Muryarsa a bushe take, ba ya neman burge kowa, kamar ma'aikacin da ke karanta rahoto a gaban maigidansa, kuma a wannan faifan waƙar a hankali take ƙarewa. Terrence Mann na New York ya sa mata kaifi da barazana, ka ji mafarauci ne da ya hango nama. Philip Quast, ɗan Ostireliya, shi ya sauya mini fahimtar labarin. Yana farawa ƙasa-ƙasa kamar mai addu'a, yana ƙara ƙarfi sannu a hankali, ya riƙe sautin ƙarshe ba tare da muryar ta yi rawa ba. A bakinsa Javert ba mugu ba ne, mutum ne da ya yi imani cewa bin doka ibada ce. Saboda haka idan aka zo inda Valjean ya sami damar kashe shi ya sake shi, shi kuma ya kasa ɗaukar wannan alheri ya faɗa kogin Seine, za ka gane dalili. A wurin Mann na ji an kayar da abokin gaba. A wurin Quast na ji ginshiƙin rayuwar mutum ne ya karye.

Ana samun Quast a faifai biyu. Na farko shi ne cikakken wanda aka naɗa a 1988, faifan CD uku, da aka tara mawaƙa daga ƙasashe daban-daban. Kaho Shimada daga Japan ce Éponine, kuma haddace lafazin Turancin ta yi, ba don tana jin harshen sosai ba. Duk da haka raunin da ke muryarta ya dace da yarinyar. Wannan faifai ne kawai a cikin waɗanda na jera ya ɗauko har ƙananan maganganun da ke haɗa waƙa da waƙa, don haka da shi ake bin labari. Matsalata da shi Valjean ɗinsa ne, Gary Morris, mawaƙin Amurka. Muryar akwai, amma a kunnena yana yawan ja da lanƙwasa kalmomi har hankali ya bar labarin ya koma kansa.

Na biyu shi ne bikin cikar wasan Landan shekara 10 a zauren Royal Albert Hall, ranar 8 ga Oktoba 1995. Mawaƙan suna tsaye ne gaban makirfo, 'yan amshi a bayansu, an kuma yanke wasu sassa. Ga tafi da ke katse labari. Amma ga Quast, ga Lea Salonga 'yar Filifin a matsayin Éponine, ga Wilkinson yana da shekara 51. Waƙar "Bring Him Home", addu'ar da Valjean ke yi wa saurayi Marius a daren tawayen 1832, don muryar Wilkinson aka tsara ta. A 1985 muryar ta fi laushi, hawan sama bai ba shi wahala ba. A 1995 ta ɗan yi kauri, kana jin numfashinsa kafin ya hau, kuma ni wannan na fi so, domin dattijo ne ke roƙon Allah ya ɗauki ransa ya bar na yaro.

Wata ƙanwata ta ce, "Yaya, wanne zan fara da shi?" Na ce ta fara karanta taƙaitaccen labarin, sannan ta ɗauki na 1995, domin shi ne ya fi saurin kama mutum. Idan ya kama ta, ta koma na 1988 ta cike giɓin da aka yanke. Na 1980 kuwa ta bar shi sai ta haddace karin waƙoƙin, lokacin ne za ta ji daɗin gano inda kowanne ya fito.