Allon da aka kafa min a ƙofar gida

Har yau abin nan yana ci min rai, shi ya sa na ce bari kawai in rubuta ko zuciyata ta yi sanyi. Ana saura 'yan makonni zaɓen 2024 na dawo daga aikin dare ido duk yaji, sai na tarar an kafa min allon Kamala Harris, 'yar takarar shugaban ƙasa ta Dimokrat, a kan ciyawar ƙofar gidana nan Greensboro a jihar Karolina ta Arewa ta Amurka, ba tambaya ba sallama. Kuma na san wadda ta kafa. Maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwar baturiya tsohuwar malamar makaranta, kuma tsakani da Allah matar nan ta yi mana halacci, ita ta zauna tana min bitar tambayoyi 100 ɗin nan na jarrabawar zama ɗan ƙasa, ita ta kai maiɗakina asibiti ranar da naƙuda ta taso ina wajen aiki, yarana ma kaka suke ce mata. To amma gidana ne ai.

Na zare shi a hankali na jingine mata a jikin garejinta, ban karya ba ban yar ba. Da yamma ina wanke mota ta ƙwala min kira, ashe baƙi ta yi, 'yan kamfe ne su biyar ko shida a baranda da takardu da kofunan kofi. Ta ce iska ce ta cire allon? Na ce a'a Madam ni ne, ni ba ni da jam'iyya, haka na yi rajista. Nan take fuskarta ta canza. Na shiga yi mata bayani, kun san in mutum ya rikice Turancin ma guduwa yake, na ce maganar inshorar lafiya da albashin ƙananan ma'aikata ina tare da ku ɗari bisa ɗari, tun 2009 mafi ƙarancin albashi a jihar nan yana dala 7.25 a awa wannan zalunci ne, maganar baƙi kuwa ai ni ne baƙon. Amma abin da ake koya wa yarana a makaranta ina so a tambaye ni, zubar da ciki kuma addinina yana da magana a kai, sannan ga Gaza, kullum muna kallon gawarwakin yara a waya gwamnatinku na aika makamai. Wani saurayi a cikinsu ya yi dariya ya ce duk wanda ya ce shi ɗan tsakiya ne ɗan Rifablikan ne da ke jin kunyar faɗa. Wannan bai dame ni ba, yaro ne. Ita ce ta dube ni a gaban mutane ta ce, bayan duk abin da muka yi muku?

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga ni tsaye da soso a hannu kumfa na ɗiga a silifas ɗina, magidanci mai 'ya'ya uku, ana min gori. A gida ko almajiri ka ba sadaka ba ka goranta masa a gaban jama'a. Ban ce komai ba, na ce a tashi lafiya na koma na ƙarasa wankin motata.

Abin da ya fi ba ni haushi, ita kanta fa ba duk kayan jam'iyyar ta ɗauka ba. Tana da bindiga a ɗakin kwananta, da bakinta ta faɗa min. Da aka zo da maganar gina gidajen haya masu araha a bayan unguwarmu ita ce a gaba wajen tara sa hannun a hana, wai darajar gidaje za ta faɗi, to su wa za su zauna a gidajen in ba irinmu ba? Amma ita ba wanda ya ce ta ci amana, tunda allonta shuɗi ne, launin Dimokrat.

Ɗaya ɓangaren ma haka. Akwai wani abokin aikina a sito, shi ke tuƙa motar ɗaga kaya, ƙato mai gemu, hoton Trump har a jikin kular abincinsa. Mutumin nan shi yake riƙe min aiki duk Juma'a in je masallaci in dawo, bai taɓa nuna gajiya ba, da azumi ma ba ya cin abinci a gabana. Ƙaninsa ya samu inshorar gwamnati bayan da jihar ta faɗaɗa Medicaid a ƙarshen 2023, yana ta hamdala, na ce masa kai ka san wannan reshen dokar lafiyar Obama ne, Obamacare ɗin da kuka shekara goma kuna zagi? Ya ce ai majalisar Rifablikan ce ta amince, na ce gwamna Roy Cooper ɗan Dimokrat ne ya yi ta naci har ya sa hannu, muka yi dariya. Da na gaya masa a ƙarshen Janairun 2020 Trump ya saka Najeriya cikin ƙasashen da aka hana bizar zama, takardun mahaifiyata suka tsaya cak har sai da Biden ya hau a 2021 ya soke, sai ya yi shiru, ya ce shi bai taɓa sanin abin ya shafi mutane irina ba. Amma da na ce ni a tsakiya nake, shi ma cewa ya yi to kai ɗan Dimokrat ne kawai ba ka sani ba.

Jam'iyya a ƙasar nan kamar kashin tumatir ne a Yankaba, ba a zaɓe, ko ka kwashe har da ruɓaɓɓun ko ka bar wa mai shi kayansa. Alhali in ka duba ƙuri'un, mutanen jihar nan sun fi kowa iya wake da shinkafa. Trump ya ci Karolina ta Arewa a 2016 da 2020 da 2024, kuma duk a ranakun nan ɗan Dimokrat aka zaɓa gwamna, Cooper sau biyu sannan Josh Stein. Masu rajista ba jam'iyya irina yanzu mun fi kowace jam'iyya yawa a jihar, har zaɓen fidda gwani muna iya shiga na wadda muka ga dama. Kenan muna da yawa, kowa dai ya kama bakinsa ne, ni ne wawan da ya faɗa a baranda. Kuma kar wani ya ce min a nan aƙida ake bi ba a sauya sheƙa, wata 'yar majalisar jiha Tricia Cotham an zaɓe ta a Dimokrat a 2022, watan Afrilun 2023 ta koma Rifablikan, kujerarta ɗaya ta ba su rinjayen da gwamna ba zai iya taka musu burki ba, wata guda bayan nan ta kaɗa ƙuri'ar taƙaita zubar da ciki zuwa mako 12, abin da a da take yaƙa. Ranar na yi dariya har da hawaye na ce ashe ba mu kaɗai ba ne.

Na je na yi zaɓena tun kafin ranar, aka manna min 'yar takardar nan ta shaidar na yi zaɓe a ƙirji, na ɗauki hoto na tura gida ina jin kaina wani babba. Wanda na zaɓa kuwa tsakanina da Allah ne. Amma da na dawo gida ba wanda zan zauna mu yi musu da shi, yawancin 'yan'uwanmu a garin nan mutanen Nijar ne, kirki kamar me, amma hirarsu Tiani da Bazoum ce, in na kawo maganar Kano sai su yi murmushi kawai.

A irin daren nan nake tuna Baba Allah ya ji ƙansa. Ɗan PRP ne na ƙin ƙari, ɗan Taɓo ɓangaren Malam Aminu Kano, da aka rabu ƙaninsa Baffa ya bi Rimi ya zama ɗan Santsi, gida ɗaya zaure ɗaya amma suka daina cin tuwo a kwano ɗaya, sai rasuwar Malam Aminu Kano a 1983 ce ta haɗa su a Gwammaja suna kuka. Hajiya ce take ba mu labari. Amma su ko ba komai sun san abin da suke faɗa a kai, haraji da jangali da mutuncin talaka. Yanzu Yayanmu jar hularsa ɗaya ta zaga jam'iyya nawa, PDP, APC, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022, in ka tambaye shi aƙidarsa sai ya ce duk inda Madugu Kwankwaso ya sa ƙafa nan zai sa. Ni ina ganin ya fi waɗannan gaskiya ma, bai taɓa cewa wani littafi yake bi ba. Autanmu kuma ɗan Gandujiyya ne, gurup ɗin gidanmu na WhatsApp kullum sai an cire wani an dawo da shi, in na sa baki su haɗu a kaina su ce kai Ba'amurke ina ruwanka, amma ƙarshen wata duk su biyun suna tuna lambata.

Hajiya dai har yau ba ta zo ba. Lokacin da hanya ta buɗe ta ce ƙafafunta ba za su iya sanyi ba, kuma wa zai riƙa raba mata waɗannan biyun in ta tafi. Jiya ma da muka yi waya ta ce Auta zai fito takarar kansila, wai in taimaka masa da kuɗin fosta amma kar in bari Yaya ya ji. Na ce Hajiya a wace jam'iyya? Ta ce oho, ita dai ta ji ana cewa bai gama shawara ba tukuna, in dai turo kuɗin kafin Alhamis.