Daga Rum zuwa Parma, ina bin sawun haruffa

Shekara tara kenan ina aikin zanen fasta da bangon littafi a kwamfuta, kuma duk ranar da aka kawo min aikin da ake so ya fito da kwarjini, hannuna da kanshi yake tafiya kan Trajan. Duk wanda yake wannan harkar ya san shi, zubin haruffan nan masu tsayuwa kaman dogarai, wanda Carol Twombly ta zana wa kamfanin Adobe a 1989, har masu fastar finafinan Amurka suka maida shi kaman gado, ko ina ka waiga shi ne. Na dade da sanin cewa daga jikin wani dutse a birnin Rum ta kwaso shi, amma sani ne irin na karatu. To da ƙanina da ke karatu a Italiya ya samu hutu a watan Oktoba ya ce in zo, sai na ce masa zan zo amma fa da sharaɗi, ni haruffa zan je gani, wuri uku, Rum da Fulorans da Parma.

Ya ce "Yaya, mutane na zuwa ganin Kolosiyam ke kina zuwa ganin ABCD?" Na ce eh, kai dai riƙe min jaka.

Mun sauka filin jirgin Fiumicino, jirgin ƙasa ya kai mu tashar Termini cikin kusan rabin awa, washegari da sassafe muka taka zuwa Piazza Venezia. Ginshiƙin Trajan, wani sarkin daular Rum ta da, yana nan gefe, farin dutsen mabul ne mai tsayin kusan mita 30 ban da gindinsa, an gama shi a shekara ta 113 miladiyya, an sassaƙa yaƙe-yaƙen da sarkin ya yi da mutanen Dasiya, wato inda Romaniya take yanzu, hotunan suna naɗe ginshiƙin sau 23 tun daga ƙasa har sama. Mutum-mutumin da ke kan ƙololuwa ma ba na Trajan ba ne, na Bitrus ne, almajirin Annabi Isa, Paparoma Sixtus na biyar ya sa aka ɗora shi a 1587. Kowa a wajen ya ɗaga kai sama yana ɗaukar hoto, ni kuma ƙasa nake nema, wani allon dutse da ke saman ƙofar gindin ginshiƙin.

Gaskiya abin da ya fara bani mamaki ƙanƙantarsa. Layi shida ne kacal. Haruffan ba su wuce santimita 11 da 'yan kai ba, kuma da yake titin yanzu ya fi tsohuwar ƙasar wajen tudu, daga bakin shinge kake hango shi, sai da na jawo shi da kyamara kafin na gan shi yadda nake so. A layin ƙarshe akwai wani yanka mai siffar dala da ya cinye wasu haruffa, wurin da aka taɓa kafa rufin wani coci da aka jingina da ginshiƙin a zamanin da. Abin da rubutun ke faɗi ma ba wani dogon kirari ba ne, sunan sarki da muƙamansa, sai bayanin cewa an kafa wannan ne dan a nuna tsayin tudun da aka kwashe kafin a yi ginin wajen.

Amma wallahi da rana ta ɗan ɗago ta bugi dutsen ta gefe sai na ga abin da allon kwamfuta bai taɓa nuna min ba. Kowane layi na harafin rami ne mai kusurwa, gefe ɗaya haske gefe ɗaya inuwa, to kaurin da ido ke gani ba a tsaye yake ba, yana canzawa da tafiyar rana, R ɗin da na gani ƙarfe takwas ba shi ne na ƙarfe goma ba. Sannan haruffan layin sama sun ɗan fi na ƙasa tsayi, dan wanda ke tsaye a ƙasa yana ɗaga kai ya gan su daidai wa daida. Mai aikin nan ya san inda mai karatu zai tsaya. Na jima ina juya wannan a raina, saboda mu yanzu sai mu ɗauki harafi ɗaya mu ja shi ya cika allon talla na bakin titi, mu kuma matse shi ya shiga katin gayyata, kuma mu ce abu ɗaya ne.

Ƙanina ya tambaye ni 'yan ƙafafun nan da ke ƙarshen kowane layi, da ake ce wa serif, ado ne ko me. Nan na ba shi labarin Edward Catich, wani limamin coci daga jihar Iowa a Amurka wanda a ƙuruciyarsa ya yi sana'ar rubuta allunan shaguna a Chicago. Shi ya zo ya shimfiɗa takarda a kan wannan dutsen ya goge siffar haruffan ɗaya bayan ɗaya, kuma a littafinsa na 1968 ya kafa hujja cewa kafin a sa ƙarfen sassaƙa sai da aka fara rubuta su da burushi mai faffaɗan baki, mai sassaƙa bin sawun fenti kawai ya yi. Ƙafar harafi wurin da hannu ya murza burushi ne zai ɗaga. Mai rubuta allo ne ya kafa wannan hujjar, dan shi hannunsa ya san abin. Kuma idan ka tsaya ka kalli S da wutsiyar Q da kyau za ka yarda da shi, akwai wani laushi a lanƙwasar da guduma ita kaɗai ba za ta ƙirƙiro ba.

Ga wani abu da ya tsaya min. A duk layi shidan nan babu H, babu J, K, U, W, Y, Z. Ka ga ko kalmar Hausa ba za ka iya haɗawa da haruffan dutsen ba, H da U duk babu. Ke nan duk H ɗin da na taɓa bugawa da Trajan na Twombly ne, ita ta zauna ta yi tunanin yadda mutumin nan na shekara ta 113 zai ja shi da a ce ya buƙace shi, haka lambobi, haka alamomin rubutu. Daga baya Robert Slimbach ya faɗaɗa shi da kauri iri-iri da haruffan Girkanci da na Rashanci. Ni a ganina nan ne ainihin aikin yake, a giɓin da tarihi ya bari. Kwafar abin da ke akwai kowa zai iya da hoto mai kyau. Shi ya sa nake girmama Cinzel na Natanael Gama, ɗan Fotugal, wanda ke kyauta a Google Fonts, sunan ma ƙarfen sassaƙa yake nufi a yarensu, bai tsaya kwafar dutse ɗaya ba, ya ɗauki tsarin Romawan ya yi nashi. Akwai kuma tarin wasu a intanet da ke kiran kansu na Romawa, sun kwaso siffa amma O ɗinsu kaman an zana da bakin kofi, kauri ɗaya ta ko ina, babu alamar hannu ya taɓa bi ta wajen.

Kwana biyu muka yi a Rum, sauran lokacin na bar wa ƙanina ya kai ni inda yake so. Ko a nan ɗin ma idona na kan bango, SPQR, taƙaitaccen "Majalisa da Jama'ar Rum" da Latin, har a murfin kwalbati.

Jirgin ƙasa mai gudu ya kai mu Fulorans cikin awa ɗaya da rabi. Cocin Santa Croce muka nufa, inda kaburburan Michelangelo da Galileo da Machiavelli suke, jama'a sun yi cincirindo a gabansu. Abin da ya kawo ni yana ƙarƙashin takalmansu. Daɓen cocin cike yake da allunan kaburbura fiye da 200, wasu an kewaye su da igiya dan ƙafafu sun cinye su har fuskokin da aka sassaƙa sun shafe. A nan ne Hermann Zapf, Bajamushe mai zanen haruffa, ya tsaya a 1950 ya ga wasu haruffa da ba su da ƙafa sam amma layinsu yana siriri a tsakiya yana buɗewa a baki, ba shi da takarda a hannu sai ya zana su a kan takardar kuɗi ta lira 1000. Abin da ya zama Optima kenan, ya fito a 1958, shi ne aka rubuta sunayen sojoji da shi a bangon tunawa da yaƙin Biyetnam a Washington, kuma har yau kamfanonin turare da kayan kwalliya ba su sake shi ba.

Na durƙusa gefen ɗaya daga cikin allunan na jima. Haruffan ba su kai Optima tsafta ba ko kusa, wani A ɗin ya fi ɗan'uwansa faɗi, wani E ɗin ya karkace, tazarar ma ba ta daidaita ba. Zapf abu ɗaya ya ɗauka, wannan kumburin bakin layin, ya bar sauran a daɓen. Ƙanina ya leƙo ya ce "Yaya ni fa ban ga kamar ba." Na buɗe Optima a wayata na ajiye kusa da dutsen na ce kalli ƙugun I ɗin nan, ya yi shiru can ya ce "Au, kaman an ɗaure shi da ɗamara." Daga nan shi ya riƙa ja na yana nuna min wasu.

Parma ce ta ƙarshe, muka canza jirgi a Bologna. Gari ne mai natsuwa, gidan tarihin Bodoni yana cikin Palazzo della Pilotta, wani ƙaton ginin bulo da bama-baman 1944 suka ci wani sashe nasa. Giambattista Bodoni an haife shi a Saluzzo a 1740, ya koyi aiki a Rum, ya zo Parma a 1768 ya riƙe maɗaba'ar sarkin garin har ya rasu a 1813, matarsa Margherita ce ta ƙarasa babban kundin samfurin haruffansa ta fitar a 1818, mujalladi biyu, har da haruffan Larabci a ciki. Salonsa kowa ya san shi ko bai san sunan ba, layi mai kauri sosai kusa da layi siriri kaman gashi, irin na bangon mujallun kayan sawa.

Abin da ke cikin akwatunan gilashin nan sandunan ƙarfe ne ƙanana, dubbai a jere, kowanne da harafi ɗaya a bakinsa an sassaƙa shi a juye da hannu. Shi ake bugawa a jan ƙarfe ya bar gurbi, a zuba narkakkiyar dalma a gurbin, harafin bugawa ya fito. Gani ya kori ji. Kowane girma da nashi sandunan daban, kuma ba ƙara girma kawai yake ba, sake zanen yake. Na ƙananan rubutu siririn layin yana da ɗan jiki, haruffan a buɗe, dan kar tawada ta cinye su. Na manya kuwa, na kanu da shafin farko, nan yake sakin hannu, siririn ya zama kaman zare, lanƙwasa ta yi ta yanga. Ashe wannan ne dalilin da Bodoni na kwamfuta ke wahalar da ido idan ka rage shi, layukan su ɓace a allon waya, zanen kanu ne aka tilasta masa aikin da ba nashi ba. Sumner Stone da abokan aikinsa sun zo nan Parma sun duba kayan da idonsu kafin su fitar da ITC Bodoni a 1994, kuma kashi uku suka yi shi, na girman rubutu 6 da na 12 da na 72, na 72 ɗin shi ne wanda ke zuwa a kwamfutocin Apple. Bodoni Moda na Owen Earl ma ya bi wannan hanyar, akwai maɓallin da kake ja siririn layin ya yi kauri ko ya rame gwargwadon girman da za ka yi aiki da shi.

A nan na gane dangantakar Bodoni da zubin haruffa irin su Abril Fatface da Playfair Display da muke ta amfani da su tun 2011. Masu buga tallace-tallace a Landan a farkon shekarun 1800 su suka ɗauki salon su Bodoni suka cika masa kauri har ya zama ihu, dan a hango shi daga tsallaken titi, Abril daga irin waɗancan fastocin ya fito. Raina yana sosuwa idan na ga an rubuta dogon sakin layi da shi, ba dan haka aka haife shi ba.

Mun fito da yamma ana yayyafi. A hanyar tasha na sayi burushi mai faffaɗan baki da kwalbar tawada, da muka koma masauki na shimfiɗa takardu a ƙasa na fara gwada H da U yadda Catich ya ce ana murza hannu. Ƙanina ya zauna bakin gado yana kallo, can ya ce "Yaya to Ƙ fa, da Ɗ da Ɓ? Romawan ai ba su bar miki ko ɗaya ba." Na ja sandar K ɗin, da na iso sama maimakon in ɗaga burushin sai na bar shi ya lanƙwasa kaman yadda kan S ɗin dutsen ya yi. Ta farko ƙugiyar ta yi nauyi, ta biyu ta yi tsawo har tana taɓa harafin gaba. Ya miƙo min wata takardar ya matso da fitila kusa, jirginmu na komawa Rum sai ƙarfe bakwai na safe.