Akwatin da na ƙera a gida ya ƙone bawul a ɗakin wani

Ƙannena masu haɗa 'yan na'urori a gida kuna sayarwa, ku zo ku ji yadda na fara, da asarar da na jawo wa mutanen da suka yarda da aikin hannuna. Ni mai gyaran rediyo ne. A wajen gyaran na san wani dattijo mai lasisin rediyon sha'awa, irin mutanen nan da ke kafa eriya a bayan gida suna hira da takwarorinsu na ƙasashen duniya a kan zangon rediyo na mita 40 da mita 20. Lambar kiransa da 5N ta fara, kamar ta duk mai lasisi a Najeriya, ta maƙwabtanmu na Nijar kuwa da 5U.

Yana da tsohuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sigina ƙarfi, Heathkit SB-220 mai bawul biyu ƙirar 3-500Z, ƙwayayen gilashin da ke yin wannan aiki. Irin wannan, duk sanda ka canza mita sai ka sake saita ta. Za ka danne makullin Mos, maɓallin da ake buga saƙo da shi, rediyo ya saki sigina ba yankewa, kana murɗa maɓallin TUNE da na LOAD har ƙarfi ya kai iyakarsa. Kafin saiti ya zauna, wutar da ya kamata ta wuce eriya a cikin bawul take tsayawa ta zama zafi. Na taɓa leƙawa ta ramukan murfi, na ga cikin gilashin ya yi jawur kamar garwashi. Dattijon kan ƙirga da baki, in ya kai biyar ya saki, ya jira ta huce, sannan ya koma.

Shi ya nuna mini maganin. Ana haɗa ɗan akwati da zai riƙa kunna rediyo yana kashewa da sauri, kamar sau 20 zuwa 30 a daƙiƙa, a kunne kashi ɗaya cikin uku na lokacin. Kowace ƙyaftawa da cikakken ƙarfi take fita, saboda haka saitin na gaskiya ne, amma zafin da bawul ke sha ya ragu sosai. Kayan haɗin ba yawa: ayisi (IC) mai lamba 555, wanda kamfanin Signetics ya fito da shi tun 1972 kuma har yau ana samunsa a Sabon Gari, da taransisto guda, da 'yan rizisto da kafasita, da batir mai bolt 9. Na raɗa mata suna 'yar ƙyafta. Ta farko ta yi wa dattijon aiki lafiya lau, sai daɗi ya ɗebe ni na haɗa guda 20 a zama ɗaya.

A cikin akwatin roba na saka su, don ya fi araha kuma ya fi sauƙin hudawa. Gwajin da na yi musu a teburina ne, da rediyo mai wat 100, ba amfilifaya, ba eriya, sai rizisto mai om 50 da ke nutse a gwangwanin mai. Duk suka wuce gwaji.

Wani malami ya sayi guda, amfilifayarsa mai bawul 811A ce guda huɗu, eriyarsa kuma ta bi ta saman ɗakin da yake zaune. Da ya buɗe ƙarfi, siginar da ta cika ɗakin ta biyo wayar makulli ta shiga akwatina, ta ruɗa ayisin, ya danne rediyo ya ƙi saki. Shi kuwa idonsa na kan mitar da ke nuna ƙololuwar ƙarfi, ita kuma abu ɗaya take nunawa ko sigina na ƙyaftawa ko tana tsaye. Ya saki jiki yana murɗa maɓalli a hankali, ai ya sayi abin da zai kare shi. Ƙauri ne ya farkar da shi. Kowane 811A zafin wat 65 kawai yake ɗauka. Da ya kawo mini su a cikin kwali, na ɗaga guda a hasken taga, na ga ƙarfen cikin ya huje kamar an ɗosana masa sigari. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ka gwada ta da wuta kuwa?" Na kasa ɗaga ido.

Na biya kuɗin bawul ɗin, ribar duk guda 20 ɗin ta tafi har da ƙari. Na bi waɗanda suka saya na karɓo kayana. Gyaran bai kai ya kawo ba, shi ya fi ci mini rai: akwatin alminiyam, waya mai raga a jiki, zoben ferait a bakin wayar, da ƙaramar kafasita mai maikirofarad 0.01 a duk inda waya ta shiga ko ta fita. Na kuma cire makunnin da ke zama a kunne, na sa maɓallin da kana ɗaga yatsa komai ya mutu. Ku da kuke ƙera abin da aikinsa kariya ne, ku zauna ku tambayi kanku, in ya lalace a wane hali zai bar mai shi. Nawa a kunne ya bar shi, alhali a kashe ya kamata.

Kuskure na biyu rashin tambaya ne. Na ɗauka ramin makullin Mos na kowane rediyo iri ɗaya ne. Na zamani 'yar wuta kaɗan ce ke bakin ramin. Tsofaffi masu bawul a ciki kuwa, irin su Kenwood TS-520, wutar da ke wurin a juye take, kuma ta kai wajen bolt 60. Taransistona bai iya da ita ba, ana sokawa ya mutu. Yanzu ba na karɓar kuɗin kowa sai ya gaya mini sunan rediyonsa da na amfilifayarsa da girman ramin, ko na milimita 3.5 ne ko na 6.35. Na kuma koma amfani da 'yar riley mai aiki da haske, wadda ba ruwanta da inda wuta ta fuskanta.

Sai maganar takarda. Da can ina miƙa akwati hannu da hannu, in yi bayani da baki. Ashe ban gaya wa kowa cewa mitocin da ke fuskar amfilifaya matsakaici suke nunawa ba. In 'yar ƙyafta na aiki alluransu ƙasa-ƙasa za su tsaya, mutum ya zaci ƙarfi bai isa ba ya yi ta ƙara wa rediyo wuta har ya wuce abin da bawul zai jure. Shafi ɗaya ya ishe ku, amma ku rubuta shi kamar mai karantawa bai taɓa ganinku ba. A nawa, layin farko gargaɗi ne cewa cikin irin waɗannan amfilifayoyi akwai bolt dubu biyu zuwa uku, kuma kafasita na riƙe wuta ko bayan an cire soket. Wannan wuta kisa take yi, kada wanda ya buɗe murfi don ya nemi inda zai soka wayata.

Masu wannan sha'awa ba su da yawa a ƙasarmu, kuma sun san juna, suna haɗuwa a iska da yamma. Labarin bawul ɗin malamin ya zaga kafin in gama biyan bashi, na daɗe kuma kafin wani ya sake kirana. Don haka kada ku tara kaya da yawa a irin wannan kasuwa. Guda uku nake haɗawa yanzu, in sun fita in sake.

Kowacce kuma sai na ɗauke ta zuwa gidan dattijon nan ranar Asabar. Mu jona ta a SB-220 ɗinsa da eriya ta gaske, mu bi mita 80 da 40 da 20 da 15 da 10 ɗaya bayan ɗaya da cikakken ƙarfi, ni ina kallon 'yar fitilar akwatin, shi yana kallon allurai. In ta tsaya cak ko da sau ɗaya ne, sai ya zare ta ya miƙo mini, ya ce, "Koma da ita, ɗana." In ta wuce, a nan nake rubuta kwanan wata a ƙasan akwatin, sannan in kira mai ita.