Talata, a Hanyar Zariya

Yau na wuni a kan hanya, domin yayata ta roƙe ni in mayar da ɗanta makaranta a Zariya, tun da hutunsu ya ƙare kuma kayansa sun yi yawan da ba zai iya shiga motar haya da su ba. Mun bar Kano bayan karin kumallo, muka bi ta Na'ibawa, muka miƙi hanyar Kura da Kwanar Ɗangora. Tafiyar ba ta da wani abin labari in ban da abin da ya faru a ɗaya daga cikin shingayen 'yan sanda, wanda shi ne ya hana ni kwanciya da wuri a daren nan.

Wani kofur matashi ne ya ɗaga mana hannu. Na gangara gefen titi, na kashe mota, na sauke gilashi, na yi masa sallama. Ya amsa da kyau, ya nemi takardu, na miƙa masa lasin tuƙi da takardar rajistar mota da shaidar mallaka da takardar lafiyar mota da ta inshora. A kan ta inshorar ya fi daɗewa, ban kuma ga laifinsa ba, saboda tun watan Fabrairun 2025 aka umarce su da su tsananta duba ta, ga shi kuma tun da kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023 mutane da yawa suke yawo da ta bogi. Da ya ga babu abin kamawa a takardun, sai ya leƙo ya dubi yaron, ya dubi irin askin da ke kansa, ya dubi jakar da ke bisa cinyarsa.

"Alhaji, wannan yaronka ne?"

Na ce, "Ɗan yayata ne, Yallaɓai. Ɗalibi ne, makaranta zan kai shi."

Ya sa aka buɗe jakar, ya ga kwamfuta, ya tambayi rasit. Yaron ya ce shekarun baya mahaifinsa ya saya masa ita, bai san inda rasit yake ba. Nan take kofur ɗin ya ce doka ta hana kowa yawo da kwamfuta ba tare da rasit ba, don haka sai mun bi su caji ofis, sannan ya miƙo hannu ya ce yaron ya buɗe wayarsa ya ba shi ya duba.

Wannan maganar ita ce ta tsaya mini a rai, fiye da tsayar da mu da aka yi. Da ya fito fili ya ce in ba su na ruwa, da na san abin da ke gabana, in ga dama in bayar, in ga dama in ƙi. Amma ya ɗauki abin da babu shi ya jingina wa doka, alhali yana sanye da kakin da ke sa talaka ya gaskata duk abin da ya fito daga bakinsa game da doka. Na dubi yaron na ga har ya fara laluben aljihu, jikinsa ya yi sanyi, ya riga ya yarda cewa shi mai laifi ne. Kuɗin da ake karɓa a shinge a ranar yake ƙarewa, amma ƙaryar da aka yi wa mutum a kan haƙƙinsa tana bin sa zuwa shinge na gaba, har ya koya wa ƙannensa cewa haka dokar take.

Na ce wa kofur ɗin, cikin ladabi kuma ba tare da na ɗaga murya ba, "Yallaɓai, ban ƙi ka yi aikinka ba. Ka faɗa mini sunanka da ofishin da ka fito, da abin da kake nema, da dalilin da ya sa kake zarginmu, sai in buɗe maka duk inda kake so." Ba daga kaina na ƙirƙiro waɗannan sharuɗɗa ba. Suna cikin Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Satumbar shekarar, ta maye gurbin tsohuwar dokar da asalinta ya koma 1943, zamanin Turawa. Dokar ta ba ɗan sanda ikon tsayar da mutum ko mota ya bincika idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin cewa akwai kayan sata ko makami ko wani haramtaccen abu, amma ta wajabta masa ya yi wannan bayanin kafin ya fara, kuma ya kasance cikin kaki ko ya nuna katin shaidarsa. Sashe na 54 ya ƙara da cewa launin fatar mutum ko shekarunsa ko askinsa ko irin tufafinsa ba sa zama dalilin zargi. Ita kuwa waya, sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin saƙonnin mutum da maganganunsa na tarho, kuma a watan Oktoban 2020, ana gab da zanga-zangar da ta kai ga rushe SARS, sashen 'yan sanda na musamman mai yaƙi da fashi, a ranar 11 ga watan, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya gargaɗi jami'ansa a kan binciken wayoyi da kwamfutocin mutane a bakin hanya. Waɗanda suka gaje shi sun maimaita gargaɗin, kuma yawan maimaitawar kansa ya nuna yadda ake bin sa.

Kofur ɗin bai ji daɗi ba. Ya ce, "Wato kai lauya ne ke nan?" Na ce ni ba lauya ba ne. Ya ce in fito in buɗe but. Na fito da makullina a hannu, na buɗe da kaina, na tsaya a gefensa idona a kan hannunsa har ya gama ɗaga buhun garin kwaki da katifa da akwatin littattafai. Wannan tsayuwar ba ta raini ba ce; kariya ce gare ni kada a ce an ga abin da ban ɗauko ba, kariya ce kuma gare shi kada in ce wani abu nawa ya ɓata.

Muna cikin haka sai wani sufeto mai furfura a gemu, wanda tun ɗazu yake zaune a inuwar motarsu, ya taso ya tambayi abin da ke faruwa. Na yi masa bayani, kofur ɗin ma ya yi nasa. Sufeton ya nemi katin makarantar yaron, ya duba, ya mayar masa, sannan ya ce a gaban kowa, "Babu dokar da ta ce sai da rasit. Malam, ka yi haƙuri, ku tafi, Allah ya kiyaye hanya." Abin da ya burge ni shi ne bai sallame mu da sunan alfarma ba. Sau da yawa babba yakan zo ya ce an yafe maka albarkacin furfurarka ko albarkacin ranar Juma'a, sai ka tafi kana godiya a kan laifin da ba ka yi ba, ƙaryar kuma tana nan daram. Wannan dattijon ya faɗi gaskiyar yadda take, duk da cewa faɗinta ya kunyata yaronsa a gaban baƙi.

Yayin da nake rufe but, motocin haya suna ta wucewa, kowane direba ya rage gudu, ya zuro hannu a dunƙule, ya wuce, ba wanda ya leƙa abin da ya ɗauko. A nan ne abin yake ba ni tsoro. Ni ba na cikin masu cewa a ɗauke jami'an tsaro daga hanya baki ɗaya, domin duk wanda ya san abin da matafiya suka sha a hannun masu garkuwa da mutane tsakanin Kaduna da Abuja ya san bincike yana da amfani, kuma makamai da ƙwayoyi a mota ake safararsu. Amma shingen da naira ɗari biyu ke buɗewa ba ya tare kowa sai wanda bai da ita. Tun 2012 Sufeto Janar M. D. Abubakar ya ba da umarnin a rushe shingaye saboda irin wannan, suka ɓace na ɗan lokaci, suka dawo. Rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2024 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya sun ba ma'aikatan gwamnati cin hancin kusan naira biliyan 721 a shekarar 2023 kaɗai, kuma wani kaso nasa ta irin wannan dunƙulallen hannun ya fita.

Su ma direbobi ba su kuɓuta daga zargi ba. Wanda lasinsa ya mutu, ko tayoyinsa suka cinye, ko ya cusa fasinja biyu a kujerar gaba, ba shi da bakin tambayar ɗan sanda sunansa, kuma ya fi kowa son a ci gaba da karɓar na goro, domin ya fi masa sauƙi a kan tarar gaskiya. Na iya tsayawa yau ne saboda takarduna sun cika, da rana ce tsaka, ga jama'a suna kallo. Da a ce da dare ne a dajin da ba kowa, ga mutum riƙe da bindiga, ba zan shawarci kowa ya tsaya jayayya ba. Gara ya lura da sunan da ke ƙirjin kakin da lambar motarsu da wurin da lokacin, ya kai ƙara daga baya.

Bayan mun wuce, yaron ya tambaye ni, "Kawu, to da sun dage sai mun je caji ofis fa?" Na ce da mun je, ni ina tuƙa motata, mu nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, kuma ba zai rubuta ko ya sa hannu a kan komai ba sai ya ga lauya, domin sashe na 35 na tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauyansa, beli kuma kyauta ne kamar yadda suke rubutawa a bangon ofisoshinsu. Na gaya masa kuma akwai sashen karɓar ƙorafe-ƙorafe da rundunar 'yan sanda ta kafa a 2015 zamanin Sufeto Janar Solomon Arase, wanda ake iya samu ta waya ko ta intanet.

Na sauke shi a bakin ɗakin kwanansu bayan azahar, na yi salla, na juyo. Da na dawo gida na sake buɗe dokar ta 2020, na ga ta tanadi cewa jami'in da ya yi bincike ya rubuta bayaninsa a takarda ta musamman, da dalilinsa da abin da ya samu. Yau ba wanda ya rubuta komai, kuma a iya zirga-zirgata ban taɓa ganin wannan takardar a hannun wani jami'i ba. Na ɗauki hoton waɗannan sassan na tura wa yaron, na ce ya karanta su kafin hutu mai zuwa, tun da a motar haya zai dawo.